Fayil Ɗin da Oga Yake Ji da Shi

A ofishin nan mai ɗaki biyu da fanka mai kuka, kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Aikinta rubuta manhaja ne, amma abin da ya cinye mata shekaru shi ne rabon faɗa a kan fayil guda.

Kamfanin yana kula da wata manhajar intanet da shagunan magani ke yin oda ta cikinta. Duk tsarin bayananta, wato yadda ake adana mai saye da magani da oda da direban da zai kai kaya, an cusa shi cikin fayil ɗaya mai tsawon tsiya. Oga, mai kamfanin, shi ne ya rubuta shi tun kamfanin yana kan teburin falonsa, shi ya sa yake ji da shi kamar ɗan fari. A cikin abokan aikinta, Dogo ya gyara wajen magani, Sarkin Shayi ya gyara wajen oda, in an zo haɗawa aikinsu ya yi karo, sai ka ji, "Anti, zo ki gani!" Ita kaɗai ta san lungunan fayil ɗin, don haka duk hutun da ta nema sai a ce ta bari watan nan ya wuce.

Da aka sa ranar yi wa mahaifinta aikin ido, kuma ba mai jinyarsa sai ita, ta tari Oga.

"Oga, bar ni in raba fayil ɗin nan. Kowane abu da nasa, kowa ya yi aikinsa ba sai an kira ni ba. Baba yana bukatata."

"Abin da ke aiki, me ya kai ki taɓa shi?" in ji shi. Da ya ga idonta sai ya sauko. "To yi, amma kar ki ɓata min."

Ta kuwa sha wuya. Ta ware na masu saye daban, na oda daban, sai ga kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara tashi, kamar baƙi biyu a bakin ƙofa kowa yana cewa bismilla. Ta warware wannan, ta gwada, ta sake gwadawa. Mako ya zagayo ba wanda ya kira sunanta, har ta fara murmushi ita kaɗai.

Ranar tafiya asibiti da Baba ta biyo ofis da jakarta don ta ajiye makulli. Dogo ya sunkuyar da kai. Oga ya fito yana washe baki.

"Jiya na nemi wajen oda na rasa, fayiloli barbaje ko'ina. Na tattara miki su wuri ɗaya. Sai dai manhajar ta ƙi tashi, ɗan duba min kafin ki wuce."

Ta dube shi cikin takaici. Mutum ya rushe maka gini, kuma yana jiran godiya!

"Dogo," ta ce, "kwafin aikina yana nan a ajiye, ka mayar da shi yadda na bar shi. In Oga ya hana, duk abin da ya lalace ku kira shi. Daga yau shi ne Anti."

Ta dire makullin a kan tebur ta sauka. Baba yana zaune a mota ya kare ido da hannu, yana tambayar direba ko takunta ne yake ji.