Hoton da Na Ɗauka Ranar Rasuwar Inna

Abubuwa da yawa sun same ni a sana'ar ɗaukar hoto, wasu yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma abin da ya shiga tsakanina da abokina a kan hoto guda ɗaya, wannan kam ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Ni haifaffen Njamena ne. Tun zamanin Faransawa kakanninmu suke kasuwanci a garin nan, ni kaɗai na kauce wa kanti na kama kyamara, na buɗe ɗan shagon hoto a unguwar Digel. Abokin nawa kuma daga Najeriya ya zo yana saurayi, yana tsaron rumfar yadi ta kawunsa. Hoton katin shaida ne ya fara kawo shi wurina. Larabcinsa a lokacin abin dariya ne, da na ji yana fama sai na mayar da maganar Hausa, ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa kaya. Hoton kati kowa ya san yadda yake fitowa, mutum kamar an kama shi da laifi. Nasa da na wanke sai na tsaya ina kallo. Ba wai ya fi kowa kyau ba ne, hancinsa ma ya ɗan karkace, ga tabo a girarsa ta hagu. Abin da yake da shi natsuwa ce. Idan ya tsaya a gaban kyamara, sai ka ce babu kyamarar.

Akwai wani tela maƙwabcin shagona, na roƙe shi aron kaftani guda, na sa mutumin nan ya saka, na ɗauka, na manna a gilashin shago. Kafin wata ya ƙare mutane suna zuwa wurin telan suna cewa irin na jikin mutumin nan suke so. Daga nan aikin ya buɗe mana. Teloli, masu shadda, masu huluna, masu buga kalanda, duk wanda zai yi tallan kayan maza mu yake nema. Na ɗauke shi a bakin kogin Shari da sassafe masunta suna fitar da koma, na ɗauke shi a jikin tsofaffin katangun ƙasa, na ɗauke shi a tsakiyar kasuwa jama'a suna wucewa. 'Yan rumfarsu suna tsokanarsa, wai ƙato guda yana karairaya a gaban kyamara. Shi dai amsarsa ɗaya ce, yadi yake talla, kuma yadin yana fita.

Haka muka yi shekara ashirin. Ni ne abokin ango a bikinsa. Da ya yi gini a unguwar Gassi ya ɗauko mahaifiyarsa daga gida, ni na je tarbarta a tasha. Inna nake ce mata kamar yadda yake ce mata, kuma ban taɓa shiga gidan na fito ba ta ɗura mini kunun gyaɗa ba, ko da a ƙoshe nake. A wurin aiki kuwa muna da al'ada wadda ba wanda ya kafa ta. Kafin in danna sai in ce, "Ka shirya?" shi kuma ya ce, "Bismilla, mai hoto." Dubban hotuna, kowanne da wannan tambaya da wannan amsa.

Ranar da Inna ta rasu ina wurin aikin wani biki a unguwar Butalbagar. Da aka kira ni a waya na bar aikin a rabi na hau babur, amma Gassi da nisa, kafin in isa har an dawo daga maƙabarta. Maza suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, ban gan shi a cikinsu ba. Wani ya ce mini ya shiga ciki. Ni kuma ba baƙo ba ne a gidan, sai na bi shi, jakar kyamara tana rataye a kafaɗata. Na same shi a lungun da ke tsakanin ɗakin Inna da katanga, zaune a ƙasa ya jingina, lafayarta, mayafin da take naɗawa, a kan cinyarsa ya damƙe ta da hannu biyu. Bakinsa a buɗe yake amma babu sauti, hawaye ne kawai suke sauka cikin gemunsa. Hasken la'asar ya sauko ta saman katangar ya kwanta a rabin fuskarsa.

Na sha gaya wa kaina cewa hannuna ne ya riga tunanina. Yanzu da girma ya zo ba na yi wa kaina wannan ƙaryar. Na samu lokacin buɗe jaka, na samu lokacin gyara haske, na samu lokacin kashe ƙarar kyamara don kada ya ji. Na ɗauka sau ɗaya, na mayar da ita, na juya a hankali na koma waje na zauna cikin masu zaman makoki. Da ya fito daga baya ya wanke fuska, na tashi na yi masa ta'aziyya kamar yanzu na iso.

Hoton ya zauna a kwamfutata shekara huɗu ba wanda ya gan shi. Ni kam nakan buɗe shi jefi-jefi, domin na san a duk aikina babu kamarsa. Sai wata mata mai shirya baje kolin hotuna a wani zauren al'adu da ke tsakiyar gari ta neme ni. Tana son a nuna shekara ashirin na hotunan mutum ɗaya daga hannun mai hoto ɗaya. Na gaya wa abokina, ya yi murna, ya ce in zaɓi duk wanda na ga dama. Muna zaune da matar muna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, sai muka iso kan wannan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce shi za a sa a bangon tsakiya, a buga shi babba. Na ce sai na tambayi mai fuskar. Ta ce to. Ban tambaye shi ba. Na ce wa kaina ai ya ba ni izinin zaɓa, alhali na san bai san da hoton ba balle ya ba da izini a kansa. Gaskiyar magana, na ƙi tambaya ne don na san amsar da zan samu.

Ranar buɗewa ya zo da matarsa, cikin farar shadda, hula ta zauna. Ya bi bango yana dariyar kansa, yana nuna mata lokacin da yake siriri da sumar nan tasa ta samartaka. Mutane suka gane shi, wasu suna neman su ɗauki hoto da shi a wayoyinsu. Ina biye da su a baya har suka zagayo bangon tsakiya. Ya tsaya cak. Matarsa ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Akwai wani mutum a tsaye a wurin da kofin lemo a hannu, ya dube shi ya dubi hoton, ya kama hannunsa yana yabo da Faransanci, har da tambayar yadda yake iya kawo hawaye irin wannan idan an buƙata. Abokina ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaushe ka ɗauki wannan?"

Na ce, "Ranar."

"Kana ina?"

"A bakin lungun."

Ya gyaɗa kai, ya ce wa matarsa su tafi. Bai ɗaga murya ba, bai ce a sauke ba. Kafin a rufe zauren na sauke hoton da hannuna. Mai shirya bajen ta yi ta ba ni baki, wai shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Na ce mata ta yi haƙuri, ba nawa ba ne.

Wata uku ina kiransa ba ya ɗauka. Na tura saƙo, shiru. Salla ta matso, teloli suna zuwa da sababbin ɗinkuna suna tambayarsa, ina ce musu ba ya samuwa. Na gwada wasu samari biyu, kyawawa ne, amma ina ɗagawa sai in ji aikin ya fita raina. Kuma ba aikin ne ya fi damuna ba. Mutumin da na saba gaya wa komai, tun daga ciwon haƙori har rigimar gado ta gidanmu, shi ne babu. Wata rana ina zaune da waya a hannu, maiɗakina ta dube ni ta ce, "Kai sai kira kake ta yi kamar ba ka san hanyar Gassi ba." Washegari na naɗe hoton a tsohon zane, na shiga motar haya na riƙe shi a tsakanin gwiwoyina har muka isa.

Na same shi a rumfar ƙofar gida yana dafa shayi. Ya amsa sallama, ya matsa mini a tabarma, ya ce, "Malam, sannu da zuwa." Shekara ashirin da huɗu bai taɓa ce mini malam ba. Muka gaisa gaisuwar baƙi, ya zuba mini shayi. Na fara magana, kuma na fara ta inda bai kamata ba. Na ce ban yi don in tozarta shi ba, na ce kowa ya yaba, na ce babu abin kunya a cikin hoton. Ya bar ni na gama.

Sannan ya ce, "Na san babu abin kunya. Uwata ce ta rasu, in ban yi mata kuka ba wa zan yi wa? Ba kallon mutane ne ya dame ni ba."

Na ajiye kofin shayin.

Ya ce, "Ranar nan kai nake jira a lungun nan. A waje ni ne babba, ni ake yi wa ta'aziyya, dole in daure. Na shiga can na ce idan ka iso ka san inda za ka same ni, ka zauna kusa da ni ko ba ka ce komai ba. Na jira har na gaji na tashi na wanke fuska. Duk shekarun nan ina yi maka uzuri, ina cewa hanya ce ta tsare ka. Ashe ka iso. Taku biyar ne tsakaninmu."

Duk abin da na shirya a mota ya watse. Ni a zatona laifina shi ne na nuna hoton ba da izini ba, a kan wannan na zo ba da haƙuri. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa kafin laifin nunawa akwai wanda ya fi shi girma ba. Na ce, "Ka yafe mini." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ya ce ya daɗe da yafewa, amma ba a waya yake son faɗa ba, sai ya ga ƙafata a gidansa.

Na miƙa masa ƙunshin da ɗan katin kyamarar da hoton yake ciki, na ce na goge na kwamfuta, babu sauran wani a ko'ina. Ya warware zanen ya jingina hoton da ginshiƙin rumfar, ya daɗe yana dubawa. Ba fuskarsa yake kallo ba. Ya sa yatsa a kan lafayar ya ce, "Ƙanwarta aka ba wannan. Har na manta launinta." Ya mayar da zanen ya rufe, ya shiga da shi ciki. Ban sake ganin hoton ba, ban kuma taɓa tambayar abin da ya yi da shi ba.

Ba a rana ɗaya muka koma yadda muke ba. Sai bayan Salla ya leƙo shagona, ya zauna ya sha ruwa ya tafi, ba a yi maganar aiki ba. A zuwa na uku ne ya ga wata babbar riga a rataye ya ce in miƙo ya gwada. Yau dukanmu furfura ta fito, kuma har yanzu idan tela ya yi ɗinkin dattawa shi ake nema. Da yayana ya rasu bara, shi ya fara isowa. Ya zauna a gefena kwana uku, bai yi wata doguwar magana ba, in na tashi ya tashi, in na zauna ya zauna.

Abin da na koya shi ne, sabo da mutum ba ya mayar da duk abin da ke jikinsa naka. Abin da ya ba ka da hannunsa daban, abin da ka ɗauka don ka san ba zai hana ka shiga ba daban. Kuma komai son da mutum yake yi wa sana'arsa, akwai ranar da ba gwanintarsa ake nema ba, shi kansa ake nema. Idan irin wannan rana ta zo, ya ajiye kayan aiki ya ƙarasa takun da ya rage ya zauna.