Kawu Lawali da Cocin Bakin Tafki

Duk wanda ya sauka Lyon daga gida a shekarun casa'in ya san abin da Kawu Lawali ke yi wa baƙo. Kafin ka huce gajiya ya taso daga wurin aikinsa, ya cusa ka a tsohuwar motarsa, sai wani ɗan coci a bakin tafki, can gindin duwatsu. Ni da na zo karatu Villeurbanne, nan gefen Lyon, ina mafarkin hasumiyar Eiffel, cocin nan aka fara kai ni. Kai, Kawu!

A bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya yi sallama. Na ce, "Kawu, ba masallaci ba ne fa."

Ya ce, "Ɗakin da ya yi shekara ɗari takwas tsaye, ka shiga mishi da takalmi? Ba ka da kunya?"

Wasu Turawa 'yan yawon buɗe ido suka gan mu, su ma suka tuɓe nasu, aka yi ta rawar ɗari a kan dutse.

Amma wallahi da na shiga, sai na tsaya ina ta kallo. Hasken ruwa na shigowa ta wata siririyar taga yana wasa a rufi. A bango ga zanen masunta cikin jirgi, igiyar ruwa ta taso musu, tsoro ƙarara a idanunsu. Kawu ya ce masunta ne suka yi ta ɗebo duwatsun ginin daga gaɓar tafkin. An taɓa shafe zanen da farar ƙasa, aka manta da shi, sai da ta ɓamɓare sannan fuskokin suka sake fitowa. Na yaba iyakar yabona. Ya ce, "Ka kalla, ba ka gani ba." Abin da yake gaya wa kowa ke nan.

Wani Alhaji a unguwar Minguettes ya taɓa tare shi: "Lawali, an ce ka koma coci?"

"Alhaji, a bakin tafki nika sallata. Ruwan alwala har ya yi mini yawa!"

Sai ciwon suga ya cinye idonsa. Abin da ya dame shi, har yanzu babu ko ɗayanmu da ya gani. Zuwanmu na ƙarshe ni na ja shi. Ya durƙusa, ya yi ta lalube ƙasa da zanen, kusa da ƙofa, ya kamo babban yatsana ya sa a wani ɗan rami. Sawun yatsan mai zanen ne, tun shafen bangon yana ɗanye. Ya zauna mini daidai.

"Mutum ne kamar mu," in ji Kawu. "Ya yi aikinshi, ya tafi. To, yanzu kai za ka nuna ma na baya."

Na yi kuka, ya ce in bar jiƙa wa mutane coci.

Har yau ina kai baƙi, kuma takalmi a ƙofa muke barinsa. Allah Ya jiƙan Kawu Lawali, Ya mayar masa da ganinsa, Ya haskaka kabarinsa. Amin.