Marufin Kwalekwale a Tafkin Gabarun

Tashi daga Mahadiya

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin Alhamis mota ta tsaya ƙofar ɗakinmu a Mahadiya, unguwar da muke haya a Sabha. Kafin in faɗi inda muka nufa, gara mutanen gida su san cewa bakina ne ya jawo tafiyar.

Shekara bakwai ke nan da na ajiye alli a lakwal ɗin Gaya, na zo nan ina auna fenti a shagon kayan gini. Mushe, yadda ake kiran malamin makarantar boko a can, shi ne sunan da ya biyo ni har nan. Cikin shekarun nan babu shayin la'asar da ban ba ƴan ɗakinmu labarin Kwara ba: yadda nake ratsa kogin ni kaɗai, da yadda wata dorina ta taɓa kauce mini. Mutanen Tawa ne da Damagaram, ruwan da suka sani na rijiya ne, don haka babu mai musu. Gaskiyar kuwa, wadda yau na fara rubuta ta, ita ce na shiga kwalekwale ba adadi, amma kullum a tsakiya, rungume da littattafai, wani na tuƙi.

Sai ga mai shagonmu, Haji Mabruk, wanda ke da rumfar shayi a bakin tafkin Gabarun, ya sayo kwalekwalen roba na mutum ɗaya daga Tarabulus saboda baƙi masu zuwa kallo. Ya zo da marufi irin na tamfol, mai rami a tsakiya da ke kama ƙugun matuƙi. Haji na neman gwani ya gwada, ya faɗa masa ko a riƙa sa marufin ko a bari. Ɗakinmu gaba ɗaya ya nuna ni.

Mu huɗu ne a motar: Haji, da direbansa Agali, Buzu mai dariya ta cikin rawani, da ni, da Baba Hamidu mai gadin shago, tsoho daga Yawuri da ya roƙi a je da shi ya ga ruwa. Na san Yawuri bakin kogi take, amma tunda bai taɓa gyara mini labari ba, na ɗauka shi ma ɗan tsakiya ne. Ya fito da jarkar ruwa ta lita ashirin, alhali akwai ruwan sha a mota.

"Baba, wannan fa?"

"Na wani ne," in ji shi.

Hanyar Ubari

Mun yi sallar asuba a gefen titi, ƙarfe shida da kwata muka isa shingen farko. Sojan bai damu da takardunmu ba, kwalekwalen da ke ɗaure bisa mota ya tsura wa ido. Ya ce wa Haji da Larabci, teku na arewa, mun ɓata hanya. Haji ya nuna ni da alfahari, ya ce ga kyaftin daga Nijar. Sojan ya sara mini. Na amsa.

Ƙarfe bakwai muka karya a wani shago: burodi da kifin gwangwani da yaji, dinari biyar, shayi mai kumfa kyauta saboda Haji. A nan aka buɗe shari'ar marufi.

"Mai sayarwa ya ce ruwa babu shiga, iska babu shiga," in ji Haji da Hausarsa ta kasuwa. "Kwayis, ya yi kyau!"

Agali ya ce, "Iska babu shiga, to ƙafafun Mushe fa? Kafin ya dawo sun gasu kamar gurasar cikin yashi."

Ni kuma na gyara zama na yi musu darasi kan mutanen ƙasashen ƙanƙara da ke ɗinke kansu cikin jirgin fata, kamar yadda na karanta. Baba ya bari na gama, sannan ya ce, "In mutum shi kaɗai ne a ruwa, ni ban cika damuwa da yadda ruwa zai shiga ba. Yadda mutumin zai fita nake dubawa." Na ce wannan ma ra'ayi ne.

Daga Takarkiba zuwa tafki

Bayan kilomita ɗari da ɗoriya muka bar kwalta a Takarkiba, ƙarfe tara saura. Agali ya rage iskar tayoyi, muka faɗa tuddan rairayi. Awa ɗaya da rabi muna hawa muna gangarowa. A kowane tudu na yi addu'ar igiyar kwalekwalen ta tsinke, amma Baba ne ya ɗaure ta.

Ƙarfe goma da rabi sai ga Gabarun a ƙasanmu: ruwa kore shar, kewaye da dabino da kacalla, tudun yashi ya tsaya bisa kansa kamar bango. Wanda ya shekara bakwai bai ga ruwan da ya fi na baho ba, dole ya tsaya kallo. Baba ya sauka, ya tsoma yatsa, ya lasa, ya tofar. "Gishiri zalla," ya ce, amma fuskarsa kamar ta wanda ya ga ɗan'uwa.

Muka ci taliya da jar miya a rumfar Haji, muka kishingiɗa har rana ta karya.

Bayan la'asar

Da na zauna cikin kwalekwalen a bakin ruwa, sai gwiwoyina suka kama rawa, suna buga robar kamar ana kiɗa kalangu. Haji kuwa ya ɗaga waya yana ɗauka don ya aika wa ƴan ɗakinmu. Na tuna marufi zai ɓoye gwiwoyin, nan take na yanke hukuncin da aka taso ni daga Sabha dominsa.

"A kawo marufi," na ce. "Ilimi ya nuna amfaninsa."

Baba ya dubi gwiwoyin, ya dube ni. Ya ɗaura marufin, ya zaro wani jan madauki da ke gabansa ya bar shi a waje, ya kama hannuna ya ɗora a kai har sau uku. Ya yi ƙasa da murya: "Mushe, in ka ga sama ta koma ƙasa, wannan za ka nema. Ja gaba, sannan sama." Ya kuma zare mini tabarau ya sa a aljihunsa.

Minti goma na farko na yi su ina kewaya wuri ɗaya. Na ɗaga murya na ce ina duba ɓangarorin jirgin ne. Daga baya ya yarda ya miƙe. Iskar yamma ta taso, ƴan igiyoyi na fallatso ruwa, yana sauka kan marufi yana gangarewa. Haji ya yi gaskiya. Ƙafafuna kuma na dahuwa a ciki; Agali ma ya yi gaskiya. Na kai tsakiyar tafki, daɗi ya kama ni, na juya don in ɗaga wa waya hannu.

Sama ta koma ƙasa.

Na yi ƙoƙarin fita, marufi ya riƙe ni gam. Duk abin da na karanta a duniya bai zo mini ba, sai muryar mai gadi. Na lalubo madaukin, na ja gaba, na ja sama, sai ga ni a waje. Ruwan Gabarun saboda gishirinsa ba ya karɓar baƙo: ya turo ni sama kamar gora. Ban nutse ba, amma idanuna kamar an zuba barkono, ban ga gabas ba, ban ga yamma ba. Ina ta salati sai na ji hannu a wuyan rigata.

A kan yashi Baba ya buɗe jarkarsa ya yi ta kwarara mini a fuska har na fara ganin dabino.

"Baba, ashe tun daga Sabha ka sani?"

"Tun ranar da ka ce dorina ta kauce maka. Dorina ba ta kaucewa, Mushe. Ni Basarke ne, ɗan masunta, cikin jirgi aka yanke mini cibi."

"Shekara bakwai ka yi shiru?"

"Ka iya faɗin ruwan," ya ce. "In kana labari ina jin ƙamshin gida. Me zai sa in katse?"

Ya koma ya birkito kwalekwalen, ya yanke gorar roba ta kwarfar ruwa, ya shiga ba marufi. Bai ko fantsama ba. Ya kewaye tafkin yana waƙa da harshen da ban sani ba. Da ya dawo ya ba Haji hukunci: baƙi su shiga da safe, ruwa kwance, ba marufi. In da iska, a sa wa wanda ya gwada cire shi a bakin gaɓa har hannunsa ya saba, shi kaɗai. Haji ya ce daga yau gadin shago ya ƙare, Baba na tafki ne.

Komawa

Mun kwana a rumfa, sauro ya karɓi rabonsa. Ƙarfe shida na safiyar Juma'a muka bar Baba tsaye da filafilin tuƙi a hannu. A shinge sojan jiya ya sake sara mini, na ce Agali ya faɗa masa an sauke kyaftin. Sha biyu da rabi muka shiga Mahadiya.

Hoton ya riga ni isowa. Ƴan ɗakinmu suka miƙe tsaye: "Sannu da zuwa, Sarkin Ruwa!" Na zauna na faɗa musu komai, har da gwiwoyin. Suka yi dariya har wani ya kifar da buta. Da aka zuba shayin la'asar sai babbanmu ya miƙo mini kofi ya ce, "To, Mushe, a ba mu na dorinar. Amma yau ka zauna a tsakiya."

Na gode wa Allah da ya sa gishiri a Gabarun, na gode wa Haji da Agali. Baba Hamidu kuwa, jarkarsa na wurina. Na wanke ta, na cika, tana jiran mota.