Yadda Na Cire Gwaggo Daga Guruf Ɗin Zumunci

Lokacin da wannan abu ya faru, ni malamar firamare ce a Bebeji, kuma duk danginmu sun san ni da son tsari da rashin ɗaukar raini. Ko gidan biki aka je, ni ce mai tsayawa a kan tukwane ina raba wa kowa aiki. Shi ya sa da aka buɗe guruf ɗin zumunci na zuri'ar kakanmu a waya, ba a yi wata doguwar shawara ba aka ce ni zan riƙe shi. Na karɓa da rawar jiki, na kafa dokar hana zagi da siyasa, ina jin kaina kamar wadda aka naɗa wa hakimci. Mutanenmu a warwatse suke, wasu a Kiru, wasu a Tudun Wada, wasu can Doguwa, sauran kuma sun daɗe a birni har 'ya'yansu ba su san hanyar gida ba.

A cikinmu akwai Gwaggo, yayar mahaifina, tana zaune a wani ƙauye bayan Doguwa. Ƙafafunta sun daina kai ta unguwa, kuma ba ta iya karatu ba. Ɗanta ne ya saya mata waya ya nuna mata abu ɗaya tak, wato wurin da za ta danna ta yi magana. Tana da taubashi a Yako, wani tsoho da muke kira Baba. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka a wasan taubasai shi bawanta ne. Kullum da hantsi sai mu ji muryarta tana tambayar ko bawanta ya tashi, ya zo ya share mata tsakar gida. Shi kuma ya mayar mata da cewa tsohuwar da haƙoranta suka gudu suka bar ta ba ta isa ta aike shi ba. Ta ce masa mai kai kamar tulu, ya ce mata mai rowar daddawa. Mu da muka tashi a gida mun san tun suna yara haka suke, kuma in an kwana biyu ba a ji su ba har tambaya ake yi ko lafiya.

Wata rana matar ƙanena ta kira ni daga birni tana kuka. Ta faɗa mini abin da ban taɓa sani ba, cewa a garinsu da wannan kalma ta bawa ake yi wa gidansu gori, har an taɓa fasa auren yayarta saboda bincike a kan asali. Ta ce duk safiya in ta ji kalmar sai gabanta ya faɗi, ga shi yaranta sun ɗauka, suna kiran juna da ita a gaban baƙi. Kukanta na gaskiya ne, har yau ban ga laifinta ba. Da maganar ta fito fili sai guruf ya rabu biyu. 'Yan birni suka ce wannan ba wasan zamanin nan ba ne, mutanen gida suka ce wanda bai san wasan dangi ba ya je ya koyo. Kowa ya zuba mini ido.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in kira Gwaggo in gaishe ta, in faɗa mata akwai wadda kalmar ke yi wa ciwo. Amma na san halinta, za ta fara da dariya ta tambaye ni yaushe aka haife ni, kuma girman kaina ba zai ɗauki wannan ba. Sai na rubuta dogon gargaɗi a guruf. Ku duba wauta, na rubuta wa matar da na san ba ta karatu. Da ta ci gaba da wasanta, na riƙa goge saƙonninta da zarar sun shigo. Ita ba ta ma san ana gogewa ba. Ranar da na gaji, ina zaune a ofishin malamai ana hutun tara, na danna na cire ta. Baba kuwa ban taɓa shi ba. Na gaya wa kaina ai ba shi ke faɗin kalmar ba, amma gaskiyar ita ce 'ya'yansa suna da baki, Gwaggo kuma ba ta da mai tsaya mata a cikin guruf ɗin, don ɗanta ba ya leƙawa.

Niyyata in bar ta 'yan kwanaki ta ji a jikinta, kamar yadda nake wa ɗalibai. Da na mayar da ita, shiru. Na kira wayarta a kashe, na ce ai damina ce, can wajensu sabis wahala yake. Matar ƙanena da kanta ta ce mini ita ba kora ta nema ba, so ta yi a yi wa tsohuwar magana, na ce ta bar mini komai. Baba ya ci gaba da kiranta kullum da hantsi. Da farko da tsokana, yana cewa ko tsohuwa ta sayar da wayar ta sayi goro. Daga baya muryarsa ta sauya, sai sallama kawai yake yi ya tambayi ko wani ya ji ɗuriyarta. Ina jin waɗannan saƙonni ina wanke-wanke, in ce gobe zan shiga mota in je. Goben nan ba ta zo ba har aka aiko mana da rasuwarta.

A wurin ta'aziyya surukarta ta ja ni bayan rumbu ta ba ni labarin da ya hana ni sukuni har yau. Ta ce ranar da na cire ta, Gwaggo ta nemi wurin dannawa ta rasa, sai ta ɗauka wayar ce ta lalace. Ranar kasuwar Doguwa ta matsa aka ɗora ta a babur, da ciwon ƙafarta, a wannan hanyar daji mai taɓo, don a gyara mata ta rama abin da bawanta ya faɗa. Mai gyara ya duba ya ce wayar lafiyarta ƙalau, cire ta aka yi. Ta ce wa zai cire ta a cikin zuri'ar ubanta. Sai ya karanto mata sunana, a gaban mutanen da ke jiran caji. Surukar ta ce Gwaggo ta biya shi ladan dubawa, ta ƙulle wayar a bakin zane. Da suka koma gida ta kashe ta, ta sa a cikin kwalla, ta kuma hana a faɗa wa ɗanta don kada zumunci ya ɓaci.

Daga nan sai surukar ta ce akwai saƙo. A ciwonta na ƙarshe Gwaggo ta yi ta tambaya ko na taɓa faɗin laifin da ta yi. Da aka ce mata a'a, sai ta ce in na zo a roƙa mata gafarata, don ba ta son ta tafi da haƙƙin 'yar ƙaninta a kanta, ko da ba ta san mene ne ba.

Na sauka daga riƙon guruf ɗin a makon. Na roƙi Baba gafara, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma tun daga nan bai sake magana a ciki ba. Yanzu guruf ɗinmu tsaf yake, ba zagi ba wasa, sai sanarwar biki da ta rasuwa, kuma duk lokacin da na buɗe shi da hantsi sai in ji kamar na shiga gidan da aka kwashe kaya.

Na rubuto ne saboda masu riƙe irin waɗannan wurare, don na san muna da yawa. Kalmar da ke sa wani dariya tana iya zama ciwon wani, kuma dukansu biyu suna da gaskiya. Wannan ba abin da dannawa ke warwarewa ba ne. Kafin ku goge maganar mutum ko ku fitar da shi, ku kira shi ku ji muryarsa, ku faɗa masa abin da ya yi da bakin da zai gane, musamman tsofaffin da ba sa iya karanta hukuncin da aka yanke musu. Ni kira ɗaya na ƙi yi, ga shi an bar ni da roƙon gafarar da ba ni da inda zan mayar da amsarsa.