Rabon Ƙafafu a Gindin Durumi

Daga Kaura har Shinkafi, ko a haɗa da Nijar, ba a taɓa haihuwar mai raba adalci kamata ba. Da ni aka ba rabon duniya, da ko ƙuda bai yi ƙorafi ba.

Wani malamin sakandare ne ya koya mana wani wasan labari na Turawa kafin a yi masa canjin wurin aiki. Muna zama gindin durumi kusa da tashar jirgi bayan la'asar, ni ke jan labari, sauran kowa da mutuminsa a ciki. Dodannin Turawan da ke wasan muka kore su, muka sa fatake masu kora shanu daga kasuwar Shinkafi su tsallaka iyaka. Kafin a fara, kowa zai jefa ɗan ludo: jifa ta ƙarfi, jifa ta gudu, jifa ta wayo. Abin da ya faɗo maka, shi ne mutuminka.

A cikinmu akwai taubashina, ɗan ƙanwar babana, mutumin Dauran, mai gyaran rediyo. Shan-inna ya cinye masa ƙafafu tun yana goye, a keken guragu yake zuwa. Shi kuwa ɗan ludo kamar ya ci bashinsa, kullum shida yake ba shi a gudu. Mutuminsa a labarin maharbi ne, ya taɓa tsere wa ɓarayi daga Zurmi har gulbi. Ranar har gumi ya yi a zaune, yana bugun hannun keke yana cewa in ƙara masa daji.

Da Shari'a ta zo, limamin unguwa ya kira ni gefe cikin mutunci. Ya ce ya san ba kuɗi muke sawa ba, amma mai wucewa in ya ga ana jifa, caca zai ce. Ban yi musu ba, na jefa ɗan ludon a rijiya, na ce wa jama'a na zo da tsarin da ya fi na Bature: kowa ya shiga labari da abin da Allah ya ba shi. Mahauci ya ɗauki ƙarfi, direban motar Ɗan Isa ya ɗauki gudu, mai shayi ya ce shi wayo, aka yi ta dariya.

Da aka zo kan taubashina, sai na yi abin da taubashi ke yi. Na ce shi ne mai gadin kaya a zango, tunda ko kura ta zo ba ya gudu. Aka fashe, shi ma ya yi dariya, har ya rama da cewa tumbina ya isa a ɗaure jaki. To, wa zai ce akwai matsala?

Ya yi gadin kayan nan har damina ta wuce. A labarin mu tafi Nijar mu dawo, shi yana zango. Wani lokaci sai in manta da shi har a kira magariba. Daga baya ya riƙa zuwa da rediyon mutane yana kwancewa a cinya. Sannan ya ce hanya ta yi yashi, keken ba ya turuwa. Sannan ya daina zuwa.

Sai da ciwon ƙirji ya kwantar da shi aka mai da shi Dauran na je. Ya rame, keken na jingine a zaure kaji na hawa. Na zauna bakin tabarma na shiga cika baki. Na ce na sake tsari, in ya tashi zan ba shi ƙafafun barewa, ya riga jirgin ƙasa isa Gusau.

Ya daɗe yana tari, sannan ya dube ni.

"Bar shi, taubashi. Ni na yi tahiyata tun sa'adda ba kai ka rabo ba."