Rigar Wayoyin Tsohuwar Mota

Jiya a unguwar Sa'alaba na ga tsohuwar mota an naɗe wayoyinta da baƙin salatif, sai maigidana Mu'allim ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mini lantarkin mota, ni da sunana ma da ƙyar nake rubutawa.

Idonsa ya riga ya tafi lokacin da wani Balarabe ya kawo motar marigayi mahaifinsa. An sa mata sabon inji, amma yana so wayoyin su fito irin na da. Na nemo samfuri uku, kada mu ji kunya. Na miƙa wa Mu'allim rigunan waya na zare. Ya shafa, ya shinshina, ya jefo mini biyu, ya ce:

"Roba ce ta yi ado, ya ƙato, kamarka ranar Idi."

Ya riƙe ta uku, ta zaren gaske. Da muka gama, Balaraben ya buɗe bonet, ya duba wayoyin, sannan ya share ido. "Wallahi haka Abuya, mahaifina, ya bar ta."

Allah ya haskaka makwancinka, ya Mu'allim.