Bakatsiniyar Lakwaya

Aure ne ya kawo Inna Dela Lakwaya daga wani ƙauyen Katsina, kuma har ta yi jikoki ba ta daina cewa "mi" da "tahi" ba, inda mu muke cewa "me" da "tafi". Daddawa take sayarwa a kasuwar Gwarzo. Masu saye sukan kwaikwayi maganarta, su ce ƙauyanci ya ƙi sakinta. Kalmar ba ta damunta. Takan ce a ƙauye aka binne cibiyarta, to sai mi? Wanda take kira bagidaje shi ne mai yi wa bakin baƙo dariya maimakon ya ba shi ruwa.

Bara yayanta ya rasu, ta je garinsu ta'aziyya. Bayan addu'ar bakwai ana hira, ƙannenta suka riƙa ƙunshe dariya. Ɗaya ta ce, "Yaya, ai kin zama Bakanuwa, bakinki duk ya lalace."

Da ta dawo, maƙwabciyarta Ikilima ta tambayi mutanen gida. Dela ta sauke ƙullin kayanta, ta ce, "Suna lahiya. Ashe mu ma muna da namu gidadawan."